Baƙon da Na Hana Zaman Hostel

Ranar da Alhajin Damagaram ya bugo mini waya ya ce autansa ya sami gurbin karatu a jami'a a nan Kano, ban tambaye shi inda yaron zai zauna ba. Ba a yin wannan tambayar. Mahaifin Alhaji a gidanmu yake sauka, shi ma Alhajin a gidanmu ya fara sauka tun yana saurayi yana riƙe wa ubansa jaka. To ɗansa ina zai sauka? Na ce Allah ya kawo shi lafiya, na kashe waya, na tafi neman mai shafa farar ƙasa.

Gidanmu a Yakasai yake. Idan ka shigo zaure, a hannun dama akwai ɗaki guda mai ƙaramar taga, shi ne ɗakin baƙi. Mahaifinmu mai masauki ne. Fatake su zo daga Damagaram da Agadas da dabino da kanwa da fatu, su sauke a nan, shi zai kai su kasuwar Kurmi, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu idan rigima ta tashi, ya ci da su har ranar da za su juya. Kuma akwai abu guda da kowa ya sani a kasuwa: baƙo ba ya canza masauki haka kawai. Ranar da aka ga baƙonka ya sauke kaya a wani gida, ba wanda zai tambaye shi dalili. Kai za a kalla, a ce me ka ci masa. An yi wa wani gida haka a bayan layinmu tun ina yaro, har yau idan an ambaci gidan sai ka ga wani tsoho ya taɓe baki.

Ni ban gaji sana'ar ba, don babu abin da ya rage da za a gada. Manyan motoci suka zo, waya ta zo, fatake suka daina buƙatar kowa. Na bar makaranta a aji uku na sakandare, na zauna a Kurmi ina sayar da huluna, har yau can nake. Amma ɗakin na riƙe shi. Ni nake share shi, ni nake toshe rufinsa kafin damina.

Yayana kuwa ya yi boko, ya yi aikin ofis har ya yi ritaya, ya gina gida a bayan ganuwa mai ƙofar ƙarfe da ƙararrawa. Ba ya kwana a Yakasai, amma shi ne babba, kuma ya daɗe yana so a fasa ɗakin da rabin zauren a fitar da shaguna biyu, tunda bangon yana kallon hanyar da mutane suke bi zuwa kasuwa. A taron gida bayan Babbar Sallah, gaban baffanmu da ƙannenmu mata, ya ce mini:

"Baƙin da kake tsare wa ɗaki duk sun mutu. Jikokinsu otal suke sauka, mai na'urar sanyi. Kai kaɗai ne ba a gaya wa ba."

Na ce Yaya, ɗakin nan sunan mahaifinmu ne. Ya ce suna yana kan kabari. Aka yi ta magana har baffa ya yanke: idan shekara ta zagayo babu baƙon da ke zaune a ɗakin, a fasa. Idan akwai, a bar maganar. Kowa ya ce ya ji. Wata biyu da yin haka Alhaji ya bugo. Ku gaya mini, wa zai ce ba Allah ne ya aiko yaron ba?

Na shafe ɗakin, na shimfiɗa sabuwar leda, na sayi katifa da fanka, na kafa ƙusa uku a bango don rataye kaya. Yaron ya iso ranar Asabar, dogo, siriri, da tabarau, shekara ashirin da wani abu. Ya durƙusa ya gaishe ni, Baba kaza, Baba kaza, har na ji daɗi. Kwana uku ban bar shi ya je ko'ina ba, yadda mahaifinmu yake yi. Aka yanka kaza. Dattawan layi suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna gaya masa sun san kakansa, waɗanda suka san shi da waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Na aika wa Yaya cewa baƙo ya sauka. Bai zo ba.

Rana ta huɗu ya tafi makaranta yin rajista. Ya dawo bayan la'asar da takarda a hannu, ya tsaya a bakin zaure yana juya ta.

"Baba, sun ce ɗaliban ƙasashen waje ana ajiye musu gado a hostel. Sun ba ni zuwa Juma'a in karɓa, ko a ba wani."

Na ce, "To a ba wanin. A ba wanda ba shi da kowa a Kano."

"Baba, lakca ƙarfe takwas ake shiga. Yau abin hawa biyu na canza kafin in isa, ban da tafiyar ƙasa. Kuma ni duk karatuna da Faransanci na yi. Turancin nan idan ba cikin masu yin sa na zauna ba, ban san yadda zan kama shi ba."

"Turanci? Ni da kake gani na yi aji uku. Zan koya maka."

Da ya yi dariya da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce to, Baba, ya shige ɗaki. Na san wannan "to" ɗin. Ita ce wadda mai saye yake ce maka bayan ya gwada hula goma, ya ce bari ya zagayo.

Ban san wa ya fitar da maganar ba, amma washegari da na zauna a dakalin masallaci bayan magariba, wanzamin layinmu ya riga ya ji. Mutumin nan bakinsa ya fi askarsa.

"Malam, an ce baƙonka zai canza masauki? Kwana huɗu kacal? Ko miyar ce ba mai?"

Wani ya ce, "A'a, ai shi ya yi sauri. Na gidan bayan layi sai da ya shekara kafin ya gane."

Suka yi ta dariya. Na ce wa wanzamin ya fara nemo wanda zai yarda ya sake miƙa masa ƙeya kafin ya yi maganar gidan wani. Na tashi na bar musu wurin. Amma maganar ta bi ni har gida.

Ranar Alhamis na rufe rumfa, na ce ya kai ni in ga wannan hostel da ya fi gidan mahaifina. Muka je. Wallahi tun daga bene warin wake da kalanzir ya tare ni. Igiya ko'ina, an shanya gajerun wanduna a kan hanyar da mutum zai wuce. Ƙarti ba riga suna yawo da bokiti. Wani ya ƙure kiɗa, wani yana salla a gefensa. Ɗakin da za a ba shi gado huɗu ne, amma na ƙirga katifa bakwai, uku a jingine da bango. Na juya in ce masa ka gani ko, sai na tarar idonsa yana kan wani teburi da fitila a kai da littattafai, yana kallonsa kamar mayunwaci. Wani yaro daga Kamaru ya yi masa magana da Faransanci, ya amsa, suka yi dariya. Kwana biyar yana gidana ban taɓa ganin haƙoransa ba.

Na ce a kai ni wurin mai kula da ginin. Na same shi yana cin gyaɗa a kan rajista.

Na ce, "Malam, idan yaron nan ya kwanta ciwo, wa zai tsaya masa?"

"Akwai asibitin makaranta, Baba."

"Wa ya san ubansa a nan?"

"Baba, mu lambar rajista muka sani. In yana so ya sa hannu, in ba ya so akwai mutum ɗari a layi."

Ka ji fa. Jikan mutumin da mahaifina yake tashi tsaye ya tarya, wai lamba. Da muka dawo, muna sauka yaron ya ce, "Baba, kowace Juma'a zan zo in ci abinci a gida. Kayana ma zan bar wasu." Na ce gidana ba ma'ajiyar kaya ba ne.

Da na idar da sallar la'asar na kira ubansa. Zan faɗi abin da na ce masa yadda na ce, don ba na ɓoye abin da na yi. Ban yi masa maganar wake ko igiya ba. Ban kuma gaya masa sharaɗin da aka yi da Yaya ba. Cewa na yi:

"Alhaji, idan gidanmu ya taɓa cutar gidanku, a gaya mini tun ina raye, in nemi gafara a madadin mahaifina. Don ɗanka zai canza masauki, kuma gari ya ji."

Ya ce subhanallahi, sau uku. Na san zai faɗa. Tsohon bafatake ne, ya san nauyin maganar fiye da ni. Ko minti biyar ba a yi ba wayar yaron ta yi ƙara. Ya fita lungu, ina jin sa ta taga: "To, Abba. Na ji, Abba. A'a, ban ce ba. To." Juma'a ta zo ta wuce, aka ba wani gadon.

Na ci nasara, ko? Na aika wa Yaya a karo na biyu cewa baƙo yana nan, kuma zama zai yi na shekara huɗu. Wanzami ya rufe baki. Ni kuma na riƙa tafiya kasuwa kaina a sama.

Yanzu bari in faɗi yadda zaman ya kasance, don kada a ce na rage.

Ana idar da asuba yake fita. Ya taka har titi, ya jira adaidaita, ya sauka ya jira wata. Da damina ta kankama lungunmu ya zama kogi, sai ya riƙe takalmi a hannu, ya naɗe wando, littattafai a cikin leda a kansa. Akwai wani malaminsu da yake rufe ƙofa ƙarfe takwas daidai, ko ɗan gwamna ne kai. Na ce masa ya je ya gaishe da malamin a gida, ya gaya masa daga gidan da yake fitowa. Ya ce to, Baba.

Makewayin gidanmu a cikin gida yake, kuma shi ba muharrami ba ne. Duk lokacin da zai shiga sai ya tsaya a ƙofar ciki ya yi sallama, a jira mata su kauce, sannan ya wuce kansa a ƙasa. Kakansa haka ya yi bai mutu ba. Shi kuwa bayan mako biyu ya daina, ya koma zuwa na masallaci da butarsa. Matata ta ce mini yaron nan yana jin kunya, a haƙa masa wani a kusa da zaure. Na ce a ina, a kan kaina?

Wuta kuwa kun san ta. Zauren kuma majalisa ce tun zamanin mahaifinmu, daga magariba zuwa isha dattawa suna nan suna musun siyasa da ƙwallo, kuma ba zan kori mutane don wani yana karatu ba. Wani lokaci su kira shi ya fito ya gaya musu yadda ake cewa kaza da Faransanci, su yi dariya. Yana fitowa. Ko sau ɗaya bai ƙi ba. Bai taɓa fasa gaishe ni ba, safe da yamma, a durƙushe. Abinci ya ci rabi, ya rufe, ya miƙa kwano da godiya. Da zagina ya yi da na san abin da zan yi da shi. Amma mutum ya riƙa gaishe ka kullum kamar yana sa hannu a takarda, wannan ba ladabi ba ne, duka ne.

Turancin ma na gwada. Na zaunar da shi wata Asabar na ce ya kawo littafin. Ya kawo wani mai kauri, na buɗe, layin farko ban wuce kalma ta huɗu ba. Na ce wannan ba Turancin kirki ba ne, na likitoci ne. Ya ce haka ne, Baba. Ban sake tayar da maganar ba.

Zango na farko ya ƙare, sakamako ya fito. Ni bai gaya mini ba. Daga bakin matata na ji, ita kuma ta ji daga uwarsa a waya: ya faɗi kwas uku, ɗaya ma ba a bar shi ya shiga jarrabawar ba saboda yawan makara. An ce idan ya sake haka za a sallame shi. Na ce to sauran yaran da suke fitowa daga cikin gari fa, su fuka-fuki ne da su? Matata ta ce su da Turancinsu suka taso. Na ce ta koma kan tukunyarta.

Bayan kwana goma Alhaji ya zo da kansa. Bai bugo ba. Na dawo daga kasuwa na tarar da shi a zaure, ya tsufa, da sanda. Na yi murna, na ce a shigar da jakarsa, a ɗora girki. Ya ce babu jaka, ya bar ta inda ya sauka. Na ce ina? Ya ambaci wani otal a bayan ganuwa.

A zauren mahaifina ya gaya mini haka. Aka kawo ruwa ya kurɓa, aka kawo abinci ya ce alhamdu lillahi.

Ya ce, "Na biya ta wurin yayanka na gaishe shi. Ya gaya mini maganar shagunan."

Na ce, "Alhaji, wannan maganar gida ce."

"Ita ce ba ka gaya mini ba. Ka kira ni da sunan matattu, na tsawata wa yarona, ashe gadin ɗaki aka ba shi. Mahaifinka ya riƙe mu ne don mu ci kasuwa mu koma da riba. Wata shekara da fata ta yi kwantai a Kano, shi da kansa ya ce wa mahaifina ya wuce Zariya, ya haɗa shi da wani mai masauki a can. Bai ce zauna a ɗakina don kada a ga ɗakin ba kowa ba."

Na ce, "Na ci da ɗanka wata biyar, ban taɓa nuna masa yatsa ba."

Ya ce, "Allah ya saka. Kai yaro, ɗauko kayanka."

Yaron ya riga ya ɗaure su. Wato tun kafin in dawo an gama. Hostel babu sauran gado, sai ubansa ya kama masa ɗaki a wani gidan haya daura da makaranta, shi da yaron nan na Kamaru, wurin wani mai gida da bai san ko sunan kakansa ba. Ya durƙusa ya ce Baba a yafe mini. Na ce ka gaida masu lamba. Mutanen layi suna tsaye suna kallo aka fita da akwatin ido na ganin ido, wanzami a gaba, hannu a baya kamar ɗan sanda.

Na nemi wani baƙon, ba zan yi ƙarya ba. Na yi wa wani mai kawo huluna daga Maiduguri tayi, ya ce yana da inda yake kwana kusa da tasha. Shekara ta zagayo. Baffa ya kira ni ya ce magana an yi ta gaban mutane. Yaya ya zo da magina ranar wata Litinin, da tef ɗinsa a aljihu. Ni na tafi kasuwa tun da sassafe. Da na dawo an fasa bangon, an ci rabin zauren, abin da ya rage siririn lungu ne da mutum biyu ba sa giftawa. Yanzu ɗaya shagon ana cajin waya, ɗayan ana sayar da omo da taliya. Majalisar ta koma ƙofar wanzami.

Yaron ya gama karatunsa, an ce ma da sakamako mai kyau. Mutane suna gaya mini haka suna kallon fuskata, wai su ga ko zan ce na yi kuskure. To na yi. Da ban kira ubansa da waccan maganar ba. Amma Yaya da ya sa mini wuƙa a wuya fa, shi wa ya tambaye shi? Uban da ya manta shekara nawa gidansu yana cin tuwon gidanmu fa? Kowa ya wanke hannunsa ya bar ni da laifin, don ni ne ban yi boko ba.

Kafin ya koma ƙasarsu ya zo sallama. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, ya kawo mini dabino a leda. Ya same ni a ƙofar gida. Ya dubi shagunan, ya dube ni, ya fara cewa Baba ban san abin zai kai haka ba. Na ce ai yanzu ka sani. Muka tsaya a hanya, masu wucewa suna ture mu, mai caji ya ƙure rediyo. Matata ta aiko a ce masa ya shigo ya sha ruwa. Na ce a gaya mata babu inda zai zauna, a miƙo ruwan nan. Ya sha a tsaye, ya ba ni kofin, ya tafi.